Golam a Gaban Sarki

Poddar-babu ne ya tona abin, kuma shi kansa bai san ya tona ba. (A can, "babu" laƙabin girmama namiji ne, kamar Malam.) Safiyar Lahadi ce, ranar wasan ƙarshe na gasar birij, wata karta ta mutum huɗu, a Kulob ɗin Shapla da ke Bhowanipore, a Kolkata. Ya zaro katinsa goma sha uku daga aljihun allo, ya buɗe, ya washe baki.

"Kai, yau injin nan ya koyi ladabi. Ya jera mini kati dangi-dangi, ko wahala ban sha ba."

Kowa a wurin ya san inji ba ya jera kati. Tun jiya da yamma alƙalin wasa, Bimal Ghoshal-babu, ya sa injin ya raba katin, ya zuba kowane rabo a allonsa mai aljihu huɗu, ya kulle allunan a kabad ɗin ƙarfe. Yadda injin ya tofo su a hargitse, haka ya kamata a same su. Kati a jere na nufin wani ya buɗe ya gani, kuma wanda ya ga kati kafin wasa ya ci kofi tun bai zauna ba.

Ghoshal ya tsayar da wasa. Ya bincika, ya tarar alluna biyu na sama duk an jera katinsu. Ya duba kwaɗon kabad, lafiyarsa lau. Makullinsa kuwa biyu ne a duniya, a iya sanin kowa. Ɗaya yana aljihun Ghoshal, ɗayan yana ƙulle a bakin sari, wato zanen Madhabi Lahiri.

Madhabi-di, wato Yaya Madhabi, ta shekara arba'in tana cin abinci da birij. Ta buga wa jiha, ta buga a ƙasashen waje, ta dawo ta zauna a wannan ɗakin tana koyarwa, daga 'yan kwaleji har tsofaffin da suka yi ritaya suka gundure matansu a gida. Yanzu sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, sai a mariƙin katako take jingina katinta. Ta riga ta faɗa cewa wannan ce gasarta ta ƙarshe.

Poddar kuwa mai masaƙar buhu ne, shi ne shugaban ƙungiyar da ke karawa da ta Madhabi-di. Da kuɗinsa yake ɗaukar ƙwararru su zauna da shi, su yi ta gyara ɓarnar da yake yi. Da aka fahimtar da shi abin da ya faru, sai ya miƙe yana nuna ta da yatsa.

"Wa ke da makulli? Wa ya riga kowa hawowa yau? Tsufa ya zo, ƙwaƙwalwa ta tafi, ana so a sauka da kofi ko ta halin ƙaƙa!"

Dokar ba ta da kwana. Wanda aka kama da leƙen kati, an hana shi wasa har abada, kuma sanarwa za ta zaga duk kulob ɗin ƙasar. Babu uban da zai sake turo 'yarsa ta koyi wasa a hannun mai maguɗi. Ghoshal bai iya kallon idonta ba lokacin da ya ce, "Didi, yayata, sai haƙuri. Makullin, har a gama bincike."

Ta jawo bakin sarinta. Yatsun suka kasa kwance ƙullin, sai da ta sa haƙori. Mafi yawan waɗanda ke tsaye a ɗakin ɗalibanta ne, kuma abin kunya, babu wanda ya matsa ya taimaka mata.

Sufeto Rafikul Mondol ya iso daga caji ofis yana karkaɗe laimarsa, ransa a ɓace. An raba shi da shinkafa da kifin Lahadi saboda masu kuɗi sun yi faɗa a kan karta.

"An saci kofin?"

"A'a, Daroga-babu," in ji Ghoshal, don haka ake kiran sufeto a can.

"An fasa wani abu? An fasa kan wani?"

"An ga kati."

"An ga kati." Mondol ya dube shi sama da ƙasa. "Ni birij ɗinku ban san shi ba. Ashirin-da-tara na sani, wadda muke bugawa a jirgin ƙasa."

Ghoshal ya yatsine fuska kamar an ba shi shayi ba sukari. Duk da haka mutum ne mai tsari. Ya shimfiɗa katin allunan biyu a tebur yadda ya same su, bai sauya wa ko ɗaya wuri ba.

"A birij, tekka mai ɗigo ɗaya ce babba," ya ce. "Sai sarki, sai sarauniya, sai golam yaronsu, sai goma, sai tara, har ƙasa. Wanda ya yi wannan ya ware dangi huɗun daidai, amma cikin kowane dangi shirme ne. Gaggawa ce ta ci shi."

Mondol ya sunkuya. A wani dangi ya ga golam, tara, tekka, sarki. A wani ya ga golam, goma, sarauniya, takwas. A wani kuma tara, tekka, goma, bakwai. Ya daɗe yana kallo, ɓacin ran ya fara sauka daga fuskarsa.

"Kada kowa ya taɓa. Zan ga mutane ɗaya-ɗaya."

Ya fara da Ghoshal.

"Kai ka raba katin. Kana da makulli."

"Ina da shi. Amma duk rabon yana cikin kwamfutar injin, a gidana ta kwana. In gani nake so, me zai sa in yi ta laluben aljihu?"

"Yaushe ake buɗe ƙofar ƙasa?"

"Da sassafe, don masu shara. Akwai kuma matakalar baya, ta baranda."

"Yaya ka zo?"

"Da ƙafa. Gidana na bayan kasuwa."

Poddar ya shigo bai jira a ba shi kujera ba.

"Daroga-babu, kada ka ɓata lokacinka. Matar nan ce."

"Ka faɗa mini kati biyar daga cikin waɗanda ka gani a hannunka ɗazu."

Poddar ya sosa kai. "Akwai sarki. Ja ne, ina jin."

"Na gode. Yaya ka zo?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Direba ya kawo ni."

"Sauran mutanenka fa?"

"Biyu a motata. Nilu kuwa daga garin Naihati yake tasowa, a jirgin ƙasa. Na ce ya kama ɗaki a gari, ya ce uwarsa ba za ta bar gidan gado ba."

"Wane ne Nilu?"

"Nilanjan Pakrashi. Gwanina, da shi nake zama. Tsohon ɗalibinta ne, ni na ɗauko shi daga hannunta. Na gaya masa ƙarara, in ya bari tsohuwar nan ta doke mu yau, ya koma jirginsa."

Mondol ya soke sunan Poddar a ransa. Mutumin da ba ya iya riƙe kati biyar a ka, ko an kwana ana nuna masa allunan ba abin da zai ƙaru da shi.

Sauran 'yan wasan ba su ɗauki lokaci ba. Na ɓangaren Madhabi-di a tasi ɗaya suka zo, gab da fara wasa, kuma duk 'yan cikin gari ne waɗanda suka tashi da birij a falon iyayensu. Sai ita.

"Mashima, zauna," ya ce, don ta yi sa'ar gwaggonsa. "An ce kin riga kowa."

"Kullum ina riga kowa. Matakalar nan sai na huta sau biyu, ba na so a tsaya ana kallona."

"Kin ga wani?"

"Ban ga kowa ba."

"Kin ji wani abu?"

"Ƙofar baranda na bugawa. Iska ce, ina jin."

Ya miƙa mata makullinta. "Buɗe mini kabad ɗin."

Ta zura shi da ƙyar. Ta murɗa da hannu ɗaya, ta haɗa da na biyu, kwaɗon ko gezau. Fuskarta ta yi ja don zafi.

"Ya isa. To wa ke buɗe miki ranar darasi?"

"Duk ɗalibin da ya fara zuwa."

"Akwai wanda ya taɓa yanka nasa makullin?"

"Na tsufa, Daroga-babu. Ba ka ji Poddar ba? Ƙwaƙwalwa ta tafi."

Ya kai ta gaban teburin da aka shimfiɗa katin. "Ghoshal-babu ya ce wannan shirme ne. Ke me kika gani?"

Idonta ya bi layin sau ɗaya, ta kawar da kai. Matar da ke iya faɗa maka wanda ya jefa bakwai a wasan da aka yi bara ba ta bukatar kallo na biyu.

"Shirme ne."

"Mashima, in ban samu kowa ba, sunanki za a rubuta. Kin san abin da hakan ke nufi."

"Na fi ka sani. Ni na riga na ci zamanina. Rubuta."

A nan ne Mondol ya daina jin haushin kifinsa da ya huce. Ya ga masu laifi da yawa suna tura wa wasu, amma bai cika ganin marar laifi yana jawo wa kansa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Nilu ne na ƙarshe. Siriri ne, ɗan shekara talatin da wani abu, rigarsa ta sha guga amma takalminsa ya sha taɓon tasha. Mondol ya ɗauki wata karta daban daga kan wani tebur, ya cakuɗa, ya yanko wasu ya miƙa masa kamar ba da gangan ba.

"Riƙe mini. Jirgin ƙarfe nawa ka shigo?"

"Na safe."

"Duk na safe ne. Na farko ko na biyu?"

"Na biyu, ina jin. Na tsaya shan shayi a tashar Sealdah."

"A ina ka san Madhabi-di?"

Nilu ya sunkuyar da kai. "A jirgi. Tana dawowa daga wata gasa, ba ta samu wurin zama ba, ta tsaya a kanmu muna karta a kan jaridar da muka shimfiɗa a gwiwa. Da muka iso ta ja kunnena, ta ce, kai, wannan kan naka ya fi ƙarfin jarida, ka zo Asabar."

"Ta karɓi kuɗinka?"

"Ko sisi. Ita ke ba ni kuɗin muri, wato gugurun shinkafa, da shayi."

"To yau za ta bi ni caji ofis. Benci ne na siminti, ga damina, ga ƙashinta. Gobe sunanta zai fito a jarida, irin wadda kuke shimfiɗawa a gwiwa. Kana ganin ita ta yi?"

"Didimoni, malamata, ba za ta taɓa yi ba."

"Wa ya yi?"

"Ban sani ba."

Mondol bai kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya, hannunsa yake kallo. Tun da aka ambaci bencin siminti yatsun Nilu ke aiki su kaɗai, suna zaro kati suna cusa shi can, suna zaro wani. Sufeto ya karɓe su a kife, yadda suke, ya sa a aljihun gaba.

Ya tara kowa a babban ɗaki. Ruwa na zuba a waje, an kawo shayi a kofunan ƙasa, babu wanda ya taɓa.

"Kwaɗo ba a fasa ba," ya ce. "Makulli biyu ne. Ghoshal-babu ba ya bukatar nasa. Saura ɗaya. Mashima, ɗauko jakarki."

Poddar ya gyara zama yana gyaɗa kai. Madhabi-di ta dafa tebur, ta miƙe a hankali, ta ɗauki sandarta. Ba ta dubi kowa ba. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu.

"Makulli uku ne."

Nilu ne. Ya miƙe tsaye. Ya ciro wani makulli mai tsatsa daga aljihu ya ajiye a tebur, ya ajiye wayarsa kusa da shi.

"Ita ta sa aka yanka mini tun ina ɗalibi, don jirgina na riga ta isowa. Da na bar ta ban mayar ba. Hotunan suna cikin wayar. Ni ne, Daroga-babu. Ku bar ta ta zauna."

"Nilu, rufe mini baki," in ji Madhabi-di.

"A'a, Didimoni. Yau ɗaya ba zan ji maganarki ba."

Poddar ya yi tsalle. "Munafuki! Ni na sa ka?"

"Ba ka sa ni ba. Ka ce in na faɗi in koma jirgi. Ni kuma ban taɓa zama a gabanta na ci ba, ko sau ɗaya. Duk abin da zan yi tunani, ita ta koya mini shi. Tsoro ne ya kai ni."

Mondol ya ja wa Madhabi-di kujera da kansa. Sannan ya ciro katin da ke aljihunsa ya baje su a ƙarƙashin na allon farko.

"Ghoshal-babu, zo ka duba shirmenka. Wannan na sama, wanda aka samu a allo. Wannan na ƙasa, wanda ya riƙe mini ɗazu ina masa tambaya."

Ghoshal ya gyara tabarau. Golam a gaba, tara a bayansa, sai tekka, sai goma, sarki can baya. Layin sama da na ƙasa kamar uwa ɗaya ta haife su.

"A ashirin-da-tara golam ne babba," in ji Mondol. "Sai tara, sai tekka, sai goma. Sarki da matarsa sai su bi layi. Da na ga teburin nan na san katin a jere yake tsaf, sai dai ba jerin gidanku ba ne. Wanda ya yi ya jera ne don hoto ya karantu, yana gamawa ya cakuɗa ya mayar. Ya kai alluna biyu na ƙarshe, waɗanda za su hau sama, ya ji sanda a matakala. Ya san ta kan huta sau biyu, sai ya yi kasadar ƙarasawa. Mutum in ya firgita, kai na tsayawa, hannu ya koma abin da ya fara koya. Ya ɗauki hoton, lokacin cakuɗawa ya ƙure, ya cusa su haka ya fita ta baranda."

"Ai rabin Kolkata na buga ashirin-da-tara," in ji Ghoshal.

"Rabin Kolkata ba sa wasan ƙarshe yau. Shi ya sa na tambayi kowa yadda ya zo. Mutum ɗaya ne a cikinku ke shafe safiya da yamma a jirgi, kuma har yau na tabbata abokan jaridarsa ba sa barinsa ya zauna hannu rabbana. Mashima kuwa ko kwaɗon ba ta iya murɗawa. Ta gane jerin kafin ni, ta ce shirme ne. Malama ba ta yin ƙarya don ta rufa wa baƙo asiri."

"Da bai tashi ba fa?" in ji Ghoshal.

"Da na baje katin nan na karɓi wayar. Amma na fi so ya tashi da ƙafarsa. Na ba shi daga kujerarta zuwa ƙofa." Ya dubi Nilu. "Taku biyu ka bari ta yi. Da ka bari ta kai ƙofa, da da ankwa za ka koma Naihati."

Kulob ɗin bai shigar da ƙara ba, don ba a ɗauki ko cokali ba. 'Yan kwamiti suka shiga ofis, suka fito da hukunci: tun da ya faɗa da bakinsa kafin a buga ko hannu ɗaya, an dakatar da Nilu shekara uku maimakon har abada. Madhabi-di ce ta tsaya a bakin ofishin da sandarta har suka sauko daga biyar. Poddar ya kira wani daga cikin masu jiran gado ya cike kujerar, yana ta mita. Aka kawo sabuwar karta, aka ce a raba da hannu a gaban kowa.

Ghoshal ya zo gabanta da makullinta a tafin hannu biyu. Idonsa ya ciko.

"Didi, ki yafe mini."

"Aikinka ka yi, Bimal. Da ba ka karɓa ba, da ni zan fara zaginka."

Nilu yana bakin matakala da jakarsa, ya kasa tafiya, ya kasa dawowa. Ta yafito shi. Ya zo ya durƙusa ya taɓa ƙafarta, bai ɗago ba.

"Shekara nawa ina dukan hannun nan da fensir a kan golam?" ta ce. "Ashe ban gama ba. Ina da sababbin yara ranar Asabar, ko riƙe kati ba su iya ba, ni kuma yatsuna sun yi ritaya sun bar ni. An hana ka wasa, ba a hana ka raba kati da share tebur ba. Jirgin farko za ka shigo." Ta juya ga Mondol, wanda ke neman laimarsa. "Kai ma, Daroga-babu, idonka ya fi ƙarfin jarida. Ka zo Asabar. Amma ka bar golam ɗinka a tasha."

Mondol ya yi dariya, ya ce sai ya ga abin da matarsa ta ce.

Ghoshal ya kaɗa ƙararrawa don a zauna. Madhabi-di ta ɗauki makullin, ta jawo bakin sarinta, ta yi ta fama da ƙyallen, yatsun suka ƙi. Sai ta miƙa wa Nilu duka biyun, makullin da bakin sarin, a gaban duk mutanen da suka ji abin da ya yi da safe.

"Ɗaura mini," ta ce. "Ka ƙulla da kyau, ana jira na a tebur."